GARIN NEMAN GIRA: MASU KIWON MURJANI DA TOCILA MAI ƘUNA

Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A ƙasashen Amurka da Jamus da Ingila da Japan akwai mutane masu ɗimbin yawa waɗanda suka zaɓi kiwon abin da Allah ya halitta a ƙarƙashin teku. Sukan kafa babban akwati na gilashi a tsakiyar falo, su cika shi da ruwan gishiri, su jera duwatsu a ciki, sa'an nan su zuba kifaye masu launi iri iri da murjani mai rai, don kallo kawai. Wani yakan kashe kuɗin da zai isa sayen mota a kan akwati guda, ya kuma yi shekara da shekaru yana tattalinsa kamar mai renon jariri.

Amma kowane kiwo da irin annobarsa. Mai kaji yana fama da shirwa, mai gero yana fama da jan baki, shi kuwa mai kiwon murjani babbar abokiyar gabarsa wata 'yar halitta ce da ba ta cika wuce inci ɗaya ko biyu ba, wadda ake kira aftasiya. Tun daga wajen shekarar 2010 waɗansu daga cikin masu wannan kiwo suka koma yaƙarta da wata irin tocila mai fitar da haske mai ƙuna, watau hasken lesa. Dabarar tana da ban sha'awa, amma likitocin ido suna duban irin wannan tocila da fargaba, domin hasken da ke dafa naman dabba a cikin ruwa ba zai ƙyale idon ɗan Adam ba. Tun da yake ƙannen wannan tocila sun riga sun shigo kasuwannin Ikko da Badun da Anaca, ya kamata mai karatu ya ji labarin tun daga tushe.

Murjani Dabba Ne

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san murjani a wuyan mata, wanda ya zauna a Binin kuwa ya ga yadda sarki da hakimansa ke ado da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan jan dutse ƙashin wata dabba ne ta teku. Jan murjanin ado na ainihi daga Bahar Rum aka daɗe ana tsamo shi. Yana da dangi masu yawa a tekuna masu ɗumi, ƙananan dabbobi masu taushin jiki da ke zaune a cunkushe, kowace tana gina wa kanta ɗan ɗaki na dutse. 'Ya'ya su yi gini a kan ginin iyaye, jikoki a kan na 'ya'ya, har a cikin dubban shekaru a sami tsauni guda a ƙarƙashin ruwa. Mafi girman irin waɗannan tsaunuka yana gabar Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Akwai kuma masu kyan gaske a Bahar Maliya, daura da Jidda da gabar Sudan. A gabar Nijeriya babu su, saboda kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi cikin teku, alhali murjani mai gini ba ya son sai ruwa garai-garai.

Kiwonsa a gida aiki ne ja. Dole ruwan ya ƙunshi gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kamar na teku, ɗuminsa kuma ya tsaya wajen digiri 25 ko 26 dare da rana. Ana bukatar fitila mai ƙarfi a bisa, da injuna masu motsa ruwan ba tsayawa. In wuta ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, wahalar shekaru ta tashi a banza. Shi ya sa akwatunan kifin da ake gani a otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali a Ikko galibinsu na ruwan daɗi ne, na ruwan gishiri sai ɗai-ɗai.

Baƙuwar Da Ba A Gayyata Ba

Domin akwatin ya yi kama da teku, masu kiwon sukan sayo duwatsun da suka daɗe a ƙarƙashin ruwa, irin waɗanda aka yi shekaru ana kawowa daga tsibiran Indonesiya da Fiji. Duwatsun cike suke da ramuka, da ƙananan halittu masu taimakawa wajen tsabtace ruwa. A cikin ramukan nan ne aftasiya ke ɓuya ta shigo gida, ko kuwa ta maƙale a gindin sabon murjanin da aka sayo.

Ita aftasiya tana cikin dangin da za a iya kira furen teku. In mutum ya gan ta sai ya rantse tsiro ce, ga kara, ga kai mai kama da fure, launinta ƙasa-ƙasa, ana hango haske ta cikin jikinta. Alhali kuwa dabba ce, 'yar uwar murjani, sai dai ita ba ta da ƙashi. Bakinta yana tsakiyar furen, kewaye da shi akwai siraran hannuwa masu ɗauke da dubban ƙananan ƙayoyi masu dafi, waɗanda take harbin abincinta da su. Da su ne kuma take ƙona duk murjanin da ya yi maƙwabtaka da ita, har ya tsuke ya daina buɗewa, wani lokaci ma ya mutu. Tana da wata 'yar uwa gajera mai kauri da ake kira majano, wadda ita ma halinta ke nan.

Abu biyu suka sa ta gagara. Na farko, da wuya yunwa ta kashe ta. A cikin naman jikinta akwai waɗansu tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, su ne suka ba ta wannan launi nata. Su sun sami mafaka, ita kuma tana cin abincin da suke haɗawa da haske. Saboda haka fitilar da aka saya da tsada don murjani ita ce ke ciyar da abokiyar gabarsa. Na biyu, yadda take hayayyafa. Aftasiya takan ja jiki a hankali a kan dutse tana barin 'yan gutsattsarin tafin ƙafarta a baya, kowane guntu kuwa ba da daɗewa ba zai fitar da baki da hannuwa ya zama cikakkiyar dabba. Manomin da ya taɓa fama da kiri-kiri ko aya-aya a fadama ya san irin wannan hali, a sare da fartanya, duk guntun saiwar da ya saura ya sake tsirowa. Wanda ya ɗauki wuƙa ya kankare aftasiya daga dutse shuka ya yi, bayan 'yan makonni zai ga 'ya'yanta birjik.

Taurin rai kuwa gadon gidansu ne. A shekarar 1828 wani masani ɗan ƙasar Sikotland mai suna Sir John Dalyell ya ɗauko wani furen teku, na wani jinsi daban, daga bakin ruwa ya sa a kwalba. Dalyell ya mutu ya bar shi, furen ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, bai mutu ba sai a 1887 a birnin Edinbara, bayan kusan shekara 60 a hannun mutane. Wannan taurin rai ya zama alheri ga masu bincike, domin murjani yana da wuyar riƙo a ɗakin gwaji, aftasiya kuwa ko an yi sakaci da ita tana nan. Da ita suke nazarin dalilin da ya sa murjani ke korar tsirran cikin jikinsa ya yi fari fat in ruwan teku ya yi zafi. A shekarar 2015 masana na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, da ke arewa da Jidda, tare da takwarorinsu na Jami'ar Stanford ta Amurka, suka buga cikakken bayanin ƙwayoyin gadon halittarta. Abincin wani, gubar wani.

Dabarun Da Aka Riga Aka Gwada

Kafin zuwan lesa, babban makamin masu kiwon shi ne sirinji. Sukan cika shi da ruwan lemun tsami, ko tafasasshen ruwa, ko kunun wani farin gari mai kaifi dangin farar ƙasar shafe bango, sa'an nan su tsoma hannu cikin akwatin su ɗura wa dabbar a baki. Akwai ma magunguna na kanti da aka haɗa don wannan aiki, kamar Aiptasia-X na kamfanin Red Sea. Matsalar ita ce, da aftasiya ta ji motsi sai ta shige raminta kamar ƙadangare. Wadda ke bayan dutse hannu ba ya kai gare ta, in kuma aka zuba magani da yawa a rana ɗaya ruwan akwatin ya ɓaci, a cuci murjanin da ake son ceto.

Dabara ta biyu ita ce a haɗa ta da wanda ya fi ta. Akwai wani jatan lande mai jan zane da ake samu a tekun Karibiyan, wanda ke cin ƙanananta da dare. Akwai wani kifi mai dogon baki da ratsi-ratsi ruwan goro daga tekunan Asiya da Ostareliya, sai dai shi yana da wuyar sha'ani, sau da yawa yakan ƙi cin abinci a akwati har ya mutu. Akwai wani kifin kuma wanda in ya gama da aftasiya yakan juya kan murjani. Wadda ta fi aminci ita ce wata 'yar halitta mai suna Berghia, dangin dodon koɗi amma ba ta da koɗi a bayanta, tsawonta wajen inci guda. Ita ba ta cin kome a duniya sai aftasiya, tana shiga har cikin rami ta cinye ta ɗungum. Aibinta biyu ne, aikinta yana cin watanni, kuma ranar da aftasiya ta ƙare yunwa za ta kashe ta, sai dai a miƙa ta ga wani mai akwatin, kamar yadda ake ba da aron kyanwa. Duk waɗannan dabaru suna son haƙuri, mutumin da ke kallon dukiyarsa tana lalacewa kuwa haƙurinsa kaɗan ne. A nan lesa ta sami ƙofa.

Asalin Hasken Lesa

Hasken rana da na fitila launuka ne a gauraye, suna watsuwa ta ko'ina. Shi hasken lesa launi guda ne, yana tafiya a dunƙule kan layi ɗaya kamar kibiya, ba ya bajewa sai kaɗan. Wanda ya taɓa ganin yara suna tara hasken rana da gilashin tabarau har takarda ta kama wuta ya ga misalin abin da haske ke yi in an tara shi wuri guda. Wani masani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara kunna lesa ran 16 ga watan Mayu 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke jihar Kalifoniya, da taimakon sandar dutsen yakutu. A yau da lesa ake yanka ƙarfe a masana'antu, da ita ake karanta lambar kaya a kantuna, da ita kuma saƙonnin intanet ke gudu cikin wayoyin gilashi a ƙarƙashin teku.

An daɗe da samun 'yar ƙaramar lesa mai jan haske, amma shuɗiya ta gagara sai a shekarun 1990, bayan aikin waɗansu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba lambar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro ƙwayar fitila mai shuɗin haske. A shekarar 2010 kamfanin Casio ya fitar da wani injin haska hoto a bango mai ɗauke da ƙwayoyin shuɗiyar lesa masu ƙarfi. Nan da nan masu ƙere-ƙere suka shiga farke injin suna ciro ƙwayoyin suna sa su cikin gidan tocila. A wannan shekara ce kuma wani kamfani na Hong Kong mai suna Wicked Lasers ya fara sayar da tocila mai ƙarfin da ya kai wat 1 a kan kimanin dala 200. Abin da a da sai a ɗakin bincike ake ganinsa, a bayan ƙofa mai kwaɗo, ya shigo aljihun kowa.

Masu kiwon murjani ba su daɗe ba suka gane cewa shuɗin haske ya dace da bukatarsu. Ruwa yana shanye jan haske da sauri, amma yana barin shuɗi ya wuce, dalilin ke nan da ya sa teku mai zurfi ke yin shuɗi. Su kuma tsirran da ke cikin jikin aftasiya shuɗin haske suke sha ƙwarai. Saboda haka hasken yakan ratsa gilashi, ya ratsa ruwa, ya je ya sauke zafinsa a kan dabbar.

An Sare Kai An Bar Gindi

Yadda ake aikin ba wuya. Mai akwatin ya kashe injunan da ke motsa ruwa, ya tsaya daga waje, ya saita ɗigon hasken a kan bakin aftasiya. Cikin 'yan sakanni naman ya fara ƙuna yana farfashewa, har akan ji 'yar ƙara kamar ta gishiri a kan garwashi. Ba a jiƙa hannu ba, ba a zuba magani a ruwa ba, ba a ɗaga dutse ba. Lalle wanda ya gani sai ya yi sha'awa.

Sai dai haske ba ya lanƙwasa. Da dabbar ta ji zafi sai ta ja jikinta cikin rami, kan ya ƙone, tafin ƙafar ya saura a lungun da haske ba ya kai, ruwan da ke kewaye kuma yana ta kwashe zafin. Tafin ƙafar nan kuwa shi ne iri. Hausawa na cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, to, a nan kan aka sare aka bar gindi. Shi ya sa masu kiwon da kansu bakinsu bai zama ɗaya ba. Waɗansu sun ce sun rabu da annobar bayan sun maimaita harbin sau da dama, waɗansu sun ce bayan makonni kaɗan sai ga ta ta dawo da 'ya'ya. Waɗanda ke ɓoye a bayan duwatsu da cikin bututun ruwa kuwa ko labarin tocilar ba su ji ba.

Har wa yau akwai ɓarna a cikin akwatin kansa. Kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, waɗansu kifayen ma sukan bi ɗigon hasken suna zaton abinci ne. In hannu ya girgiza, murjanin da ke gefe ya sha ƙuna. In akwatin na roba ne mai kama da gilashi, zafin yana iya ɓata shi a inda aka tsayar da hasken. Amma duk wannan asarar dukiya ce, ana iya mayar da ita.

Inda Gizo Ke Saƙar

Ƙarfin lesa da wat ake auna shi, wat 1 kuwa miliwat 1,000 ne. A Amurka doka ba ta yarda a sayar da tocilar lesa ta nuni da ta wuce miliwat 5 ba. A Ingila hukumomin lafiya sun ba da shawarar kada wadda ake sayar wa jama'a ta wuce miliwat 1. Duk wadda ta haura miliwat 500 tana aji na huɗu, watau ajin ƙarshe na haɗari, wanda ke ƙona fata, ya kunna wa takarda da tsumma wuta. Tocilar da ake harbin aftasiya da ita daga wat 1 take farawa, waɗansu sun ninka haka sau da yawa. Mai wat 1 ɗin ta ninka iyakar Amurka sau 200.

Mutum zai ce ai ba idonsa yake haskawa ba, akwati yake haskawa. To, gilashi madubi ne. Duk hasken da ya bugi fuskar gilashi, kimanin kashi 4 cikin 100 yana dawowa baya. Kashi 4 cikin 100 na wat 1 miliwat 40 ke nan, watau ninki 8 na abin da doka ta yarda da shi, kuma yana dawowa a dunƙule, ba wanda ya san inda zai sauka. Yana iya zama fuskar mai harbin, yana iya zama ta yaron da ya leƙo daga bakin ƙofa. Akwatin kuwa gilashi ne gaba da baya da gefe, ga kuma fuskar ruwan a bisa, ita ma tana mayar da haske.

Shi ido an halicce shi ne don ya tara haske. Duk abin da ya shiga ta baƙin ido, ido yana tara shi a kan wani siririn tantani da ke can baya, wanda shi ne ke ɗaukar hoto ya aika wa ƙwaƙwalwa. In hasken lesa ne, idon yakan matse shi ya zama ɗigon da bai kai kaurin gashi ba, ƙarfinsa a wurin ya ninka har kimanin sau 100,000. Mutum yana ƙifta ido cikin kashi ɗaya bisa huɗu na sakan, wannan ya isa kariya daga 'yar ƙaramar tocila mai miliwat 1, amma babbar ta gama ɓarna kafin fatar ido ta sauko. Su kansu likitoci, in za su ƙona wani sashe na tantanin nan da gangan don ceton idon mai ciwon sukari, lesar da suke amfani da ita yawanci ba ta kai wat 1 ba, kuma wajen kashi ɗaya bisa goma na sakan suke haskawa. Tantanin ba ya jin zafi, saboda haka mutum na iya ƙonewa bai sani ba, sai daga baya ya ga baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Tsakiyar nan kuwa da ita ake karatu, da ita ake gane fuskar mutane, da ita ake ƙirga kuɗi.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2014 likitocin Asibitin Ido na Sarki Khalid da ke Riyad suka buga rahoto kan mutum 14, dukansu yara maza da samari, waɗanda shuɗiyar tocilar lesa ta ji wa rauni a ido cikin kimanin shekara guda. Waɗansu jini ya zuba musu a cikin ido, waɗansu tantanin ya huje a tsakiya, mafi yawansu sai da aka yi musu aiki. Galibi wajen wasa abin ya faru.

Akwai tabarau na musamman da ke tare hasken lesa, amma kowane launi da nasa, wanda aka yi don jan haske ba ya tare shuɗi. Tabarau na rana ba ya amfana kome. Kuma tabarau ɗin mai shi kaɗai yake karewa, ba ya kare matarsa da 'ya'yansa da masu yi masa aiki.

Ba a ce lesa ba ta da amfani wajen kashe ƙwari a ruwa ba. A ƙasar Norway, tun daga 2014, wani kamfani mai suna Stingray yana sayar da na'urar da ake nutsawa cikin kejin kifi a teku, mai kyamara da kwamfuta, wadda ke gano ƙwarƙwatar ruwa a jikin kifi ta harbe ta da lesa. Bambancin shi ne, a can na'ura ce ke saiti, a ƙarƙashin ruwa, nesa da idon mutane.

Ina Ruwan Mazauna Kudu?

'Yan Arewa da yawa suna aikin gadi da tuƙi da girki a manyan gidajen Ikoyi da Biktoriya Ailan da Lekki, inda akan ga akwatunan kifi. Wanda ya ga maigida ya fito da irin wannan tocila ya sa jan tabarau, to, ya bar ɗakin, ya kuma kwashe yara, kada ya tsaya kallo ko ta taga. In an bar ta a kan tebur kada ya kunna don ya ga yadda take.

Abin da ya fi wannan kusa da kowa shi ne ƙananan tocilolin lesa, masu jan ɗigo da masu kore, waɗanda ake sayarwa da araha ana saya wa yara. Masu kallon ƙwallo sun tuna yadda koren haske ya rufe fuskar Mohamed Salah ran 29 ga Maris 2022, sa'ad da Masar ta kara da Senegal a kusa da Dakar, abin da ya sa, tare da waɗansu laifuffukan 'yan kallo, hukumar FIFA ta ci Senegal tara. Rubutun da ke jikin irin waɗannan tociloli ba abin dogara ba ne. A shekarar 2013 hukumar ma'auni ta Amurka ta gwada guda 122, ta sami kusan kashi 90 cikin 100 na masu koren haske, da kimanin kashi 44 na masu ja, sun saɓa wa doka. Waɗansu masu koren ma suna fitar da wani haske na ɓoye wanda ido ba ya gani, balle ya ƙifta. In a Amurka haka abin yake, ɗan tireda a Mil 12 ko Alaba Rago ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin katan ɗin da ya saro. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mazauna Agege da kewayen filin jirgin sama na Ikeja kuwa su ja kunnen yara kada su haska jirgi. Hasken yana dallare idon matuƙi daidai lokacin sauka. A Amurka tun 2012, a Ingila tun 2018, hukuncin wannan laifi yana kai ɗaurin shekara 5.

Rigakafi Ya Fi Magani

Tsofaffin hannu a kiwon murjani shawararsu ba ta canza ba. A fara akwati da busasshen dutse wanda babu rai a jikinsa. Duk sabon murjani a tsare shi a wani ƙaramin akwati daban na 'yan makonni, a duba gindinsa da kyau kafin a haɗa shi da sauran. In an ga aftasiya guda, a fitar da dutsen ɗungum tun ba ta bazu ba. In ta riga ta bazu, a kawo masu cinta, a yi haƙuri. Hanya ce mai nisa, amma ba wanda ya taɓa makancewa a kanta.

Aftasiya tana iya sake tsirowa daga guntun da bai kai ƙwayar gero ba, tantanin ido kuwa ba a ba shi wannan baiwa ba, inda ya ƙone tabo ne ke maye gurbinsa. Saboda haka wanda irin wannan haske ya shiga idonsa, ya ga tabo, ko dishi-dishi, ko layi miƙaƙƙe ya koma masa a karkace, ya nufi likitan ido a ranar, ko da ba ya jin zafi. Akwai Cibiyar Ido ta Guinness a asibitin koyarwa na Idi-Araba a Ikko, akwai irinta a Anaca, akwai sashen ido a asibitin jami'a na Badun. Kada a ɗiga masa nono ko ruwan wani ganye, kada a sa masa kwalli, domin raunin yana can bayan ido, inda ba abin da aka ɗiga zai kai. A tafi da tocilar a hannu, likita zai so ya ga irinta.